Jif Ɗin Sutan da Gidan Surukarsa

Wani ne a can ƙauyen kawuna, bayan Payakumbuh, daidai inda kwalta ke ƙarewa. Kada ku tambaye ni sunansa. Sutan ake kiransa, kun kuwa san duk wanda ya yi aure a nan Sutan ne, to ku je ku nemo shi. Ni tun da na dawo daga Batam zaman gida ya gagare ni, kullum ina bisa babur, shi ya sa na ga ƙarshen abin da idona. Farkonsa kuma a teburin mai shayi aka ba ni, har da rantsuwa.

Mutumin nan a gidan surukarsa yake zaune, kamar kowane magidanci a ƙasarmu. Gidan Amak Sariamin, tsohon gidan katako ne a kan ginshiƙai, a gefen tudu. Ta gaba akwai matakalar dutse da hanya, ta baya gangare ne har zuwa gonar shinkafa. Gida nata, gona tata, agwagi nata. Shi abin da ya mallaka a gidan bai wuce hula da silifa da ra'ayi ba. Ra'ayin ma a wurin mai shayi yake baro shi kafin ya taka matakala.

To Amak tana da lambun durian, 'ya'yan itacen nan masu ƙaya da tsada, a can saman dutse. Hanyar kuwa da damina, ko ɓauna sai ta tsaya ta yi tunani. Kowace shekara wani dillali ne mai jif yake hawa, ya taya yadda ya ga dama.

"Amak, ki sallama, ko ki bar wa birai."

Sai ta sallama, ta dawo gida ta huce a kan surukinta.

Wata Lahadi Sutan yana shan shayi da ƙwai, sai ga 'yan ƙungiyar jif sun biyo ta gaban rumfa, sun fito daga daji. Laka tun daga taya har rufi, ba ka gane launin ko ɗaya. Haji Zainir, shugabansu, yana gaba, hannu a waje, yana ɗaga wa mutane kamar mai neman ƙuri'a. Mutuminku ya saki baki har shayinsa ya huce.

Da aka zauna cin abinci, ya gyara murya.

"Amak, bana ni zan sauko da durian."

"A ka?"

"A mota."

"Motar wa?"

"Tawa."

Amak ta juya ta dubi 'yarta. "Yusnidar, me kika zuba wa mijinki a miya?"

"Wallahi Amak, abin da muka ci ne shi ma ya ci."

"Ba wasa nake ba," in ji shi. "Ki sallami dillalin nan. Ya gama cin mu."

"Cin mu? Yaushe ka shuka bishiya?" Ta suɗe hannu. "To ji nan, Sutan. Zan sallame shi a kan maganarka. Amma in durian ɗina ya ruɓe a gindin bishiya, za ka tarar da kayanka a ƙulle a gindin matakala, silifanka suna kallon hanya."

Ya ce ya yarda. Ya lallaɓa Yusnidar, ya lallaɓa, har ta cire sarƙar wuyanta ta miƙa masa. Ya nufi Bukittinggi, wurin wani mai sayar da tsofaffin motoci, Kasman.

Kasman ya nuna masa wata jif fes, fenti yana ƙyalli.

"Wannan ta wani likita ce. Daga gida sai asibiti. Inji lafiya, ƙasa ba tsatsa."

"Ta taɓa shiga daji?"

"Ko kwata ba ta taɓa shiga ba."

"To me zan yi da ita? Ni ban san hanya ba, ita ba ta san hanya ba, wa zai nuna wa wani?"

Kasman ya dube shi sama da ƙasa, ya gane Allah ya kawo masa rabo. Ya ja shi bayan fili. A can ƙarƙashin ayaba ga wata ƙatuwar jif, doguwa mai faɗi, ta durƙusa a gefe ɗaya. Ciyawa ta tsiro a bonet. Kaza tana kwanci a kujerar direba.

"Wannan kam," in ji Kasman, ya rage murya, "ba kowa nake nuna wa ba. Katako ta yi ta ja a daji tun surukarka tana budurwa."

"Ka san surukata?"

"Ban san ta ba, amma na san motar."

Mutuminku ya shafa wata lotsawa a ƙofa. "Wannan fa?"

"Giwa."

"Allahu Akbar! Wannan kuma?"

"Ita dai giwar, da ta dawo."

Ya leƙa ciki, ya ga ƙasa ta ƙarƙashin ƙafar direba. Rami ne, kwano zai wuce.

"Uda Kasman," in ji shi, wato yaya a yarenmu, "ai a huje take."

"Huje? Da gangan aka yi. Ta nan direba yake duba zurfin laka ba sai ya sauka ba. Sababbin nan ba su da shi."

"Tana tashi?"

"Tana hutawa ne."

Ya saya. Har da kazar, don ta ƙi sauka.

A bayan motar ɗaukar shinkafa ta iso ƙauye. Ruwa ake yi, shi kuma ya ce ba za a bar tsohuwa irin wannan a waje ba. Aka kori agwagi daga ƙarƙashin gida, aka tura ta da baya tsakanin layin ginshiƙai, hancinta yana kallon hanya. Ta shige lafiya, har da sarari a sama.

Amak ta leƙo ta taga.

"Ku yi a hankali da ginshiƙaina! Kakata ce ta sa aka ɗora su a kan duwatsun nan. Girgizar ƙasa ta zo ta tafi ba iyaka, sai dai gidan ya yi rawa ya koma ya zauna. Abin da girgiza ba ta iya ba, kada suruki ya iya."

"Haba Amak."

"Ba haba. Kuma wannan gawar, yaushe ne jana'iza?"

Aka kira Basril bakanike. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya rufe, ya nemi a ba shi kofi. Ya yi ta fama har inji ya yi tari ya tashi. Ya ce to Sutan, a gyara birki, a liƙe ramin nan, ka hau dutse abinka, haka ma za ta je.

Ina! Mutuminku ya riga ya fara zama a gefen teburin 'yan ƙungiya. Kowa ya faɗi tasa, shi kuma ya kwaso ya kawo gida.

"Basril, an ce taya ta yi ƙanƙanta."

Aka kawo tayoyi masu haƙora, kowace ta kai ƙugun mutum.

"Basril, an ce tayar tana gugar bodi. A ɗaga ta."

Aka canza sifirin, aka sa dogayen shokozoba. Mota ta miƙe.

"Basril, ta Haji ta fi ta tsawo."

"Sutan, Haji a fili yake ajiye tasa."

"Ni na tambaye ka inda yake ajiyewa? Ƙara."

Aka ƙara. Aka yi waldar bamba mai nauyin saniya. Aka ɗaura injin ja a gaba, mai igiyar ƙarfe da ƙugiya, wanda in ka maƙale kake ɗaurawa a bishiya ya jawo ka. Fitilu kuwa, ka ce filin ƙwallo za a haska. Sannan aka ɗora kariya a rufi don kwandunan durian, ta ƙarfe, mai kauri.

A ranar Amak tana sallah ta ji wani abu ya tokare ta ta ƙarƙashin darduma. Da ta sallame ta buga katako da ƙafa.

"Wane ne yake ɗaga ni?"

"Kariya ce, Amak!"

"Ka gaya mata nan wurin sallata ne!"

Saura bututun shaƙar iska, wanda ake miƙewa sama don in mota ta faɗa kogi kada inji ya sha ruwa. Na Haji ya kai rufin mota. Mutuminku ya ce nasa sai ya wuce nan.

"Ta ina zai bi?" in ji Basril. "Ga daɓen gida a kanmu."

"Akwai rami a ɗakin girki, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke."

Haka bututu ya ɓullo a ɗakin girkin Amak, kusa da murhu. Ta gan shi, ta rataya ludayi a jikinsa. Washegari ta baza niƙaƙƙen barkono a faranti, za ta yi rendang, naman nan mai yaji. Shi kuma a ƙasa ya ce bari ya ji muryar inji. Ya murɗa makulli, ya taka totur.

Fuuut! Faranti ya koma fes, kamar an wanke.

Motar ta yi shiru. Sai ta yi atishawa. Wallahi atishawa, da jan hayaƙi ta salansa. Agwagi suka yi ta kansu. Basril ya fito da rarrafe yana hawaye. Unguwa guda aka wuni ana atishawa, har liman sai da ya taƙaita karatu.

Amak ta sa baki a bututun ta yi magana, muryarta ta fito ta cikin bonet.

"Sutan, in ta ƙoshi, ka tambaye ta ko in sauko mata da shinkafa."

Ana cikin haka durian ya fara faɗuwa. Kun san shi, ba ya jira. Ya faɗo yau, gobe kasuwa, jibi sai ƙudaje. Mutuminku ya aika wa 'yan ƙungiya cewa ran Lahadi su zo su raka shi, su ga aiki.

Ran Asabar ya ce a gwada fitowa. Ya shiga, ya sa giya. Gam! Kariya ta kama katakon daɓe. Bututu kuma yana can maƙale a ɗakin girki da ludayinsa. Gaba babu, baya babu.

Basril ya ce, "Abu mai sauƙi. A cire kariya da bututu, a mayar da ƙananan tayoyi, a turo ta waje, a sake ɗaurawa."

"A cire? A sauke ta?"

"Na ɗan lokaci."

"Haji Zainir ya ce motar da aka ɗaga ba a sauke ta, sai dai a ƙara. Kana so a yi ta yi da ni a teburin shayi?"

"Ai ana yi tun tuni."

"Kai ba ka da dabara, Basril. In ba a sauke mota ba, ai sai a sauke ƙasa."

Ya ɗauko fartanya da shebur. Ya haƙe ƙarƙashin tayoyi, ya haƙe gabansu, ya yi wani dogon rami kamar mai shirin binne ɓauna. Mota ta yi ƙasa. Kariya ta rabu da daɓe, bututu ya zame daga ɗakin girki, ludayi ya faɗo masa a ka. Ya tsaya da taɓo har gira, yana murmushi.

"Ka gani? Ilimi."

Sai sama ta buɗe. Ruwa irin namu, wanda ba ya sallama. Duk abin da ya sauko daga tudu ya nemi wuri mafi zurfi, ya samu ramin Sutan. Kafin gari ya waye ƙarƙashin gidan Amak ya zama fadama. Agwagi suka dawo da murna.

To a nan na iso. Na ga jerin jif a bakin hanya suna ta hon, na tsaya na ce yau akwai kallo. Rabin ƙauye ya taru da lema. Haji Zainir ya sauko, ya naɗe wando.

"Ina angon? A fito da amarya mu gani!"

Mutuminku ya fito sanye da baƙin tabarau, cikin ruwan nan. Ya cire silifa a gindin matakala don kada su ɓaci, ya taka laka ya shiga mota. Yusnidar tana taga, hannunta a wuya, daidai inda sarƙa take a da.

"Uda, ka tabbata?"

"Ki shirya kwanduna kawai."

Ya tayar. Ya sa giyar ƙarfi, wadda duk tayoyi huɗu ke ja. Ya taka. Tayoyin nan masu haƙora suka kama aikinsu, suka yi ta haƙa. Laka ta yi sama, ta yi gefe, ta wanke Haji tun daga hula. Mota kuwa ƙasa ta yi, har cikinta ya zauna daɓas.

Kuna tsammani ya damu? Ya duba ta ramin ƙarƙashin ƙafarsa, ya leƙo yana washe baki.

"Haji, na maƙale! Maƙalewa ta gaske!"

"Mun gani," in ji Haji yana tofar da laka. "Kai ne na farko a ƙungiya da ya maƙale bai bar gida ba."

"Yanzu sai injin ja, ko?"

"Sai shi. Ka tuna abin da na koya maka?"

"A nemi itacen da ya fi kauri a kusa."

A tsakar gidan ba wata bishiya sai gwanda. Ya ja igiya ya ɗaura mata, ya koma ya danna. Gwanda ta tuge, ta taho, ta kwanta a kan bonet kamar ta zo gaisuwa. Mutane suka kwashe da dariya. Haji ya juya ya tafi motarsa ɗauko doguwar igiya, don su jawo shi daga hanya.

Mutuminku bai jira ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Idonsa ya faɗa kan babban ginshiƙin gaba. Kauri ya fi rungumar mutum. Ya zagaya masa igiya, ya maƙala ƙugiya.

Basril ya ƙwalla ihu, "Sutan! Ba binne yake ba! A kan dutse yake zaune!"

"Shi ya sa na zaɓe shi! Me ya fi dutse ƙarfi?"

Ya faɗa mota, ya rufe ƙofa, ya danna.

Igiya ta miƙe. Ta yi ƙara. Mota ko gezau. Sai gidan ya yi wani nishi, irin na tsoho zai tashi daga tabarma. Babban ginshiƙi ya zame daga kan dutsensa. Sauran suka bi shi, don gidajenmu jiki ɗaya ne, in ƙafa ta tafi sai duka. Ƙasa kuwa yumɓu ce, ta sha ruwa, santsi kamar sabulu, ga gangare a baya.

Gida ya kama hanya.

Daga ciki muka ji muryar Amak. "Girgiza! Girgiza! La'ilaha illallahu! Yusnidar, riƙe tukunya!"

Maƙwabta da ke cikin ɗaki suka ji an ce girgiza, suka yi waje da gudu, wani da jariri, wani da talabijin. Wata tsohuwa ta kwanta a laka ta rufe kai. Can ta ɗago.

"Wace irin girgiza ce wannan, mai zaɓen gida?"

Shi kuwa gogan yana ciki, gilashin gaba duk laka da ganyen gwanda. Ta tagar gefe kawai yake gani. Ya ga ginshiƙi ya wuce shi ya yi baya. Ya ƙara leƙawa, ga haske yana ƙaruwa.

"Tana tafiya! Wallahi tana tafiya!"

Ya kama sitiyari da hannu biyu, yana murɗawa dama da hagu. Yana hon. Har sigina ya kunna.

"Ku matsa! Ku ba ni hanya!"

Ƙugiya ta suɓuce, amma gida ya riga ya sami sauri. Ya bi ta kan motar, ya wuce, ya gangara sululu, agwagi na biye da shi. Ya ratsa shingen rogo. Ya tsallake kwata. Ya shiga gonar shinkafa, ya ɗan juya kamar mai neman wurin fakin, ya zauna tsaf a tsakiyar ruwa. An ce ko kofi bai zube ba.

Wuri ya yi tsit. Ruwan sama kawai kake ji yana dukan rufin mota.

Mutuminku ya buɗe ƙofa. Ya ɗaga kai, ya ga sararin sama. Ya ɗaga hannu biyu.

"Ta fito! Basril, ba na gaya maka ba? Ta fito, ba a cire ko ƙusa ba!"

"Sutan," in ji Basril, "dubi tayarka."

Ya duba. Tana nan cikin ramin da ya haƙa. Ya dubi gabansa. Ga matakalar dutse tsaye ita kaɗai, tana hawa zuwa babu. Ga silifansa a gindinta. Ya juya a hankali.

Haji Zainir ya dawo da igiya a kafaɗa. Ya bi sawun gidan da ido, tun daga tudu har gona, ya girgiza kai.

"Tun ina saurayi nake shiga daji. Ban taɓa ganin abin da ya ratsa laka haka ba, kuma ba taya." Ya zaro tambarin ƙungiya daga aljihu, ya dubi motar, ya dubi gidan. "Wannan na gidan can ne."

Mutuminku ya cire tabarau. Ya gangara ba takalmi, yana zamewa yana tashi. Ya shiga gona, ruwa har gwiwa, ya tsaya a ƙarƙashin taga, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Taga ta buɗe. Amak ta leƙo, carbi a hannu, ɗankwali a karkace. Ta dubi shinkafa ta dama. Ta dubi shinkafa ta hagu. Ta ɗaga ido can saman dutse, inda birai ke biki a lambunta. Sannan ta sauko da shi kan surukinta.

"Amak," in ji shi, "don girman Allah, kada a fito min da kaya. Kada ki kore ni."

"Korar ka? Wa ya kore ka? Ga matakala can, ga silifanka, ga motarka. Yi zamanka, Sutan. Mu ne muka tashi."